Tarihin Zamanmu da Bazara: Malami, Magini da Mai Tukunya



A ranar 3 ga watan Afrilu na 2024, ana cikin goman ƙarshe na azumi, ma'aunin zafi a garin Kayes na ƙasar Mali ya kai digiri 48.5. A Bamako kuwa, asibitin Gabriel Touré ya ƙidaya mutum 102 da suka rasu a kwana huɗun farko na watan, alhali a Afrilun 2023 ɗungurungum mutum 130 aka ƙidaya. Da yawan mamatan sun haura shekara 60. Mu ma nan Nijar mun ɗanɗana rabonmu, ga ƙishirwar azumi, ga ɗaukewar wuta. Bayan ƴan makonni wata ƙungiyar masana yanayi mai suna World Weather Attribution ta fitar da bincikenta. Ta ce da ba don ɗumamar da hayaƙin man fetur, gawayi da iskar gas suka jawo wa duniya ba, da zafin bai kai haka ba: a Mali da Burkina Faso ranar ta ƙaru da digiri 1.5, daren kuma da digiri 2.

Bincike ne mai kyau, sai dai da harshen Turawa ya fito, cikin lambobi. Tsohuwar da ke kwance a ɗakin kwano a Garin Malam ba ta san nauyin digiri 2 ba, ita dai ta san barci ya gagara. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu waiwayi yadda magabatanmu suka riƙa isar da ilimin zafi ga jama'a, domin ba yau muka fara zama da bazara ba.

Mu fara da malamai. Duk wanda ya yi zaman zaure ya san lissafin taurari 28 da muka gada daga Larabawa. Kowane tauraro kwana 13 yake yi, in ban da Jabha mai 14, sai shekara ta cika 365 daidai. An raba su bakwai-bakwai ga damina, kaka, ɗari da bazara. Na bazara su ne Fargul Muƙaddam, Fargul Mu'ahhar, Baɗanul Huti, Sharaɗaini, Buɗaini, Surayya, wadda talaka ke kira kaza da ƴaƴanta, sai Dabaran. Lissafin rana ne tsantsa, ba ya yawo cikin shekara kamar watannin Hijira, don haka manomi yake iya dogara da shi. Malaman sun san talaka ba zai riƙe jadawali ba, sai suka zuba lissafin cikin baitoci, almajiri ya rera har ya zauna masa a ka. In ya koma ƙauyensu, shi ake tambaya tauraron da ake ciki, da ko ruwan da aka yi jiya ya isa a yi shuka ko na yaudara ne. Ilimin falaki ne, amma waƙa ce ta goya shi ta kai shi gona.

Haka kuma a littafin Risala, wanda kusan kowane ɗalibi a ƙasashenmu ya buɗe, an so a jinkirta sallar Azahar a lokacin zafi har inuwar abu ta ƙaru da rubu'in tsayinsa, kuma hadisin sanyaya salla idan zafi ya tsananta yana cikin Buhari. Ladanai na da suna auna inuwarsu da tafin ƙafa kafin su kira salla. Ashe tun tuni muna da ƙa'ida a rubuce wadda ta yarda cewa akwai sa'ar da bai kamata a fito da tsoho cikin rana ba, ko da zuwa masallaci ne. Gari kan mutu murus daga hantsi ya ɗaga har la'asar, a yi ƙailula, a koma aiki da sanyin yamma. Baƙin da suka zo daga baya sun kira wannan lalaci. Su da kansu ba su daɗe ba suka koyi rufe ofis da tsakar rana.

Inda hikimar ta fi zurfi a ganinmu shi ne wajen magina. Maginin Hausa bai taɓa jin sunan ma'aunin zafi ba, amma tafin hannunsa ya san abin da masana suka auna daga baya: katangar ƙasa mai kauri tana shan zafin rana a hankali, ba ta sakinsa cikin ɗaki sai bayan sa'o'i masu yawa, lokacin da rana ta faɗi iska ta fara sanyi. Shi ya sa soro yake da sanyi da azahar, da dare kuma mutanen gida su fito tsakar gida da tabarmi, ɗakin ya huce kafin asuba. Da tubali ake ɗora katangar, gindinta da faɗi, tana sirancewa tana hawa. Taga ƴar ƙarama ce, can sama, don iskar da ta yi zafi ta tashi ta fice. A yi rufi da azarar giginya wadda gara ba ta ci, a shimfiɗa zana ko asabari, a zuba ƙasa. Da yake azara ba ta iya ɗaukar nauyi a dogon zango, sai magina suka ƙago bakan gizo, suna jera gajerun azara suna ɗaurewa cikin laka har baka biyu su haɗu a sama, su ɗora tulluwa a kai. Rufin ya yi nisa da kan mutum, zafi ya taru can sama, mai zama a ƙasa ya sha iska. Wanda ya fi shahara a wannan fanni shi ne Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19. A wajenmu kuma ga hasumiyar Agadas mai tsayin mita 27, ta laka da itace, wadda asalinta ke komawa farkon ƙarni na 16, aka sake ɗaga ta a 1844, kuma UNESCO ta sa tsohon garin cikin kayan tarihin duniya a 2013.

To ina ado ya shigo? Masu zuwa ɗaukar hoton gidajen Birni da Zango a Damagaram sukan ɗauka zanen da ke fuskar zaure kwalliya ce kawai. Lallai kwalliya ce, kuma shelar arzikin mai gida ce. Amma a lura da abin da ake shafawa. Makuba daga ɓawon ɗorawa ake samunta, laso kuma daga katsin marina da gashin jima da dafara, dukansu maganin ruwa ne ga katanga. Dagi da sauran zanen da ake fitarwa a jikin yaɓe sun sa mai gida ba ya iya ƙyale fuskar gidansa ta zaizaye, domin duk mai wucewa zai gani, a yi da shi a majalisa. Kunyar ado ita ke tilasta yaɓen shekara-shekara, yaɓen kuma shi ke tsare katangar da ke tsare mutum daga rana. Zanko da rawani da indararo kowanne da aikinsa wajen kare kan katanga da fitar da ruwa. Magini bai rubuta littafi ba, ya dai gina abin da ido zai so, maƙwabci ya gani ya yi sha'awa ya kwaikwaya, ilimin ya bazu unguwa-unguwa a ƙarƙashin idon Sarkin Magina.

Bayan katanga sai itace. Har yau dattawan Damagaram suna ba da labarin dokar Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, cewa duk wanda ya sare gawo a bakin ransa. Doka ce mai tsanani, amma a duba itacen da aka zaɓa. Gawo yana zubar da ganye da damina, lokacin da gero ke son rana, ya tofo da rani, lokacin da mutum da dabba ke neman inuwa. Ganyen da ya zuba taki ne, ƴaƴansa abincin bisashe ne, kuma kowane manomi ya san geron gindin gawo ya fi na sarari. Masana aikin gona sun zo daga baya sun tabbatar cewa saiwarsa tana ƙara wa ƙasa sinadarin da shuka ke bukata.

Zuwan Faransawa a 1899 ya juya abubuwa da yawa, biyu daga ciki sun shafi zancenmu. Dokar gandun daji ta 1935 ta mayar da itace dukiyar hukuma, kuma gwamnatocinmu na bayan ƴancin kai suka ci gaba a kan wannan turba. Manomin da ya san za a ci shi tara in ya taɓa reshen itacen da ya tsiro a gonarsa, sai ya gwammace ya tumɓuke shi tun yana ƙarami. Malaman gona kuma suna koyar da cewa gona mai kyau ita ce wadda aka share fes. Na biyu shi ne kwano da siminti. Ba mu zargin wanda ya rufa kwano. Ba ya son yaɓe, ba ya yoyo in an kafa shi daidai, azara ta yi tsada saboda giginya ta ƙare a kusa, kuma uwar yarinya ta fi sakin fuska ga mai ɗakin kwano. Sai dai kwano da bulon siminti mara kauri ba sa jinkirta zafi ko kaɗan. Rana na dukansa yana juye wa na ciki. Mun sayi sauƙin damina da wahalar bazara, muka jingina da fanka, fanka kuma ta jingina da wutar da ba ta da tabbas.

Farin 1973 da na 1984 su suka farkar da hukumomi. Aka kafa ƙungiyar CILSS a 1973, cibiyarta ta AGRHYMET mai nazarin yanayi da noma ta zauna a Yamai a 1974. Daga 1975 ranar 3 ga Agusta ta zama ranar dashen itace, a wannan shekarar kuma aka fara jera layukan dogon yaro a kwarin Majiya don tare iska. A 1984 aka yi babban taron Maraɗi kan gurgusowar hamada. An dasa itatuwa masu ɗimbin yawa, amma da yawansu ba su kai bazara ta biyu ba, domin ba na kowa ba ne.

Abin da ya yi tasiri daga bisani ya fito ne daga gona. A 1983 wani ɗan Ostireliya mai aikin mishan a Maraɗi, Tony Rinaudo, ya lura cewa ƴan tsirran da ake sassabewa kowace shekara ba ciyawa ba ne, tofon kututturan itatuwa ne waɗanda saiwarsu ke raye a ƙarƙashin ƙasa. In aka bar reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi aka datse saura, cikin ƴan shekaru sai ga itace. Dabarar ba baƙuwa ba ce ga tsofaffin manoma. Abin da ya ba ta ƙafa shi ne sunan da aka raɗa mata, sassaben zamani. Kalma biyu kacal, amma sun ɗauke wa manomi kunyar a ce gonarsa ƙazama ce, sun mai da shi ɗan zamani. Da masana irin su Chris Reij da Gray Tappan suka gwada tsofaffin hotunan sama da sababbi a shekarun 2000, sai suka tarar da kimanin hekta miliyan 5 sun farfaɗo, da itatuwa wajen miliyan 200, akasari a jihohin Maraɗi da Damagaram. Su kansu sun yi mamaki, don ba wani rahoto da ya faɗa musu. A 2020 gwamnati ta fitar da dokar da ta amince wa manomi da haƙƙin itacen da ya raina a gonarsa.

Misalin da ya fi burge mu a haɗa fasaha da kimiyya daga ƙetaren iyaka ya zo, daga Jigawa. Malam Mohammed Bah Abba malamin makaranta ne da ya tashi a gidan masu ginin tukwane. A shekarun 1990 ya ɗauki abin da kowace mace ta sani game da randa, wato ruwan da ke tsattsafowa ta jikinta yana bushewa yana tafiya da zafi, ya faɗaɗa shi. A sa ƙaramar tukunya cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa inda iska ke bi. Yalon da ke yaushi a kwana 3 ya kai kwana 27, tumatir da tattasai suka kai mako uku. Ya raba dubban tukwane da kuɗin aljihunsa, amma ya ga bayani da baki ba ya shiga. Sai ya tsara wasan kwaikwayo, ƴan wasa na gida suka yi shi da Hausa, aka ɗauka a bidiyo, ana zagaya ƙauyuka da janareta ana haska shi a jikin farin ƙyalle da daddare. Mutane suka zo kallo suka koma da ilimi. Wani amfanin da ya biyo baya shi ne, da kayan miya suka daina lalacewa a yini guda, matsin tura yarinya talla kullum ya ragu, wasu suka samu zuwa makaranta. Ya karɓi kyautar Rolex a 2000, dabarar kuma ta kai har Darfur a Sudan, inda ake kiran tukunyar zir. Abin lura ga masu son gwadawa: a busasshiyar iska take aiki sosai, in damina ta kawo jiki iska ta yi laima ƙarfinta yana raguwa. Muna da maginan tukwane a Mirriya da ba su da na biyu, kuma muna da ƴan wasan kwaikwayo da duk Nijar ta san muryarsu a rediyo. Ba mu ga dalilin da zai hana su zama wuri guda ba.

Gini ma ya fara dawowa ta hannun masu ilimin zamani. Tun 1980 aka fara koyar da ginin tulluwa da bulon ƙasa ba tare da itace ko ɗaya ba a Cikal, don rage saran giginya. Alhaji Falke Barmu, magini kuma manomi, ya fara masallacin Yama a jihar Tawa a 1962, ya yi ta ƙara masa hasumiyoyi har 1982, ya samu kyautar Aga Khan a 1986. A Burkina Faso, Francis Kéré ya gina makarantar ƙauyensu Gando a 2001, ya kuma warware rigimar kwano cikin sauƙi: ya yi rufin ƙasa, ya ɗaga kwanon sama da shi kamar malafa, iska na ratsawa tsakani. Kwanon ya tare ruwa, ƙasar ta tare zafi. Ya karɓi kyautar Pritzker a 2022, ɗan Afirka na farko da ya same ta. Ƴarmu Mariam Kamara kuwa, tare da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili, sun gama ginin Hikma a Dandaji a 2018. Tsohon masallacin garin aka gyara ya zama ɗakin karatu, aka gina sabo da bulon ƙasa wanda inji ya matse, aka kuma gayyato tsofaffin magina cikin aikin. Muhimmancin waɗannan gine-gine a wajenmu shi ne sun fito da kyau har mai kuɗi zai yi sha'awa. Muddin ginin ƙasa alamar talauci ne, ko malami dubu sun yi wa'azin sanyinsa ba mai komawa.

Kada kuma mu ruɗi kanmu da yabon da. Ɗumamar da ke ƙara zafi ita ke ƙara wa ruwan sama ƙarfi, kuma ƙasa ba ta jure ruwan da ya kwanta mata a gindi. Daminar 2024 ta kashe mutum fiye da 300 a Nijar, da yawansu gini ne ya faɗa musu. A ranar 3 ga Satumba na shekarar, tsohon masallacin Birni a Damagaram, wanda aka gina tun tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe a gaban idon jama'a. Shekara guda kafin nan wani sashe na masallacin Babban Gwani a Zariya ya rufta kan masallata, aka rasa rayuka. Duk mai cewa a koma ginin ƙasa, wajibi ne ya haɗa da zancen harsashin dutse ko siminti, da magudanar ruwa, da wanda zai ɗauki nauyin yaɓe, tun da gayyar da ke yin sa a da ta watse. A nan maginin gargajiya yana bukatar injiniya kamar yadda injiniya ke bukatarsa.

Akwai wata al'ada tamu da ta cancanci a tuna. Mukan raɗa wa yunwa suna. Ta 1913 zuwa 1914 Kakalaba ce, ta 1984 kuma El-Buhari, saboda rufe iyakar da aka yi a lokacin. Sunan ne ke sa jika ya tambayi kakarsa, ita kuma ta faɗa masa abin da aka ci aka rayu. Birnin Sabiya na ƙasar Sifen ya fara raɗa wa guguwar zafi suna a 2022, ta farko suka kira ta Zoe, don mutane su ɗauke ta da nauyin da suke ɗaukar ambaliya. Mu zafi bai taɓa samun suna a wajenmu ba, domin ba ya rusa gida, ba ya ƙone rumbu. Mu da muke riƙe wa dattawa alƙalami mun san yadda sanarwar rasuwa ke yawaita a ƙarshen bazara, kuma abin da ake faɗa kullum shi ne tsufa, ko hawan jini, ko gajeriyar rashin lafiya. Likitoci kuwa sun bayyana cewa jikin tsoho ba ya yin gumi kamar na yaro, ba ya jin ƙishirwa da wuri, zuciyarsa kuma tana wahala in dare bai yi sanyin da za ta huta ba. Mafi haɗari shi ne kwanakin da hadari ke haɗuwa ba ya zuba, iska ta yi nauyi, gumi ya ƙi bushewa.

Ma'aikatar hasashen yanayi a Yamai tana iya hango irin waɗannan kwanaki tun kafin su iso. Abin da ya rage shi ne wanda zai juya lambar zuwa magana. Muna da rediyoyin karkara tun daga na Bankilare a 1999, muna da masu shela a kowace fada, muna da limamai da ke tsayawa gaban jama'a sau biyar a yini, da mawaƙan da yara ke haddace waƙarsu a kwana biyu. Saƙon ma ba mai tsawo ba ne: a fitar da tsoho da jinjiri daga ɗakin kwano kafin azahar, a kai su zaure ko gindin itace, a ba su ruwa ko ba su nema ba, a jiƙa mayafi a lulluɓa musu, a ɗage jana'iza da ɗaurin aure daga tsakar rana in da hali, mara lafiya kuma ya tambayi likita da malami kafin ya ɗauki azumi. Wanda jikinsa ya yi zafi rau, ya fara sambatu ko ya suma, a zuba masa ruwa ana yi masa fifita tun a hanya, a nufi likita da shi ba tare da jiran la'asar ba.